Ratsin Launi na Ƙarfe Biyar

Litinin, 2 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka Inna. Yaya ƙarfin jiki, yaya ruwa? Mu nan lafiya lau, sai Mama da ciwon gwiwarta, wanda ba ya hana ta zuwa unguwa amma yana hana ta ɗauko wa kanta ruwan sha. Ta ce in gaishe ku da kyau.

Na san za ka juya takardar nan gaba da baya kana neman mai ita. Ni ce 'Yar Baturi, wadda ta kwashe baturan tocilanka shekarar da muka zo hutu, ka same ni a bayan ɗaki ina lasar su don in ji inda wutar take. Kakata ta wajen uwa da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙane ne, idan sai an kawo hujja. To lasar nan ba ta tafi a banza ba, yanzu ni injiniya ce, kuma aiki ne ya kawo ni ƙofarka.

Ka fi ni sanin cewa tun da talabijin ya koma sabon tsari na dikoda, tsofaffin lambobin da kuke watsa hoto a kansu sun zama fanko a iska. Aikinmu shi ne mu ɗora intanet a kansu, saboda suna cin nisa, suna ratsa bishiya da bango fiye da na wayar hannu. Mun kafa na'ura ɗaya a tsohuwar hasumiyarku ta kan tsauni, ɗaya kuma a rufin asibitin garinku, don ma'aikaciyar jinya ta riƙa aika wa likitan birni hoton ƙirji da sakamakon gwaji, ba sai an jijjiga mara lafiya awa huɗu a mota ba. Sharaɗin hukuma ɗaya ne, lambar ta zama ba kowa a kanta.

Lamba talatin da huɗu ce kaɗai ke sauka cikin kwarinku da kyau. A takardun hukuma shekara shida ke nan ba mai amfani da ita. Amma kullum ƙarfe biyar na yamma, ba ƙari ba ragi, wani abu yana tashi a kanta, intanet ɗin asibiti ya ɗauke. Bayan minti ashirin sai ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Kawu, shekara talatin ka yi kana kula da injin watsa hoto na tashar nan. Duk wanda ya iya riƙe sukundireba a garin nan ka san shi. Wa kake jin zai iya wannan? Direban asibiti yana shigowa birni Litinin da Alhamis, ka ba shi amsa.

'Yarka,
'Yar Baturi

Laraba, 4 ga wata

Zuwa ga Injiniya,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Innarki tana nan yadda take. Ki yi wa mamarki sannu da gwiwa, ki ce mata ta rage zaman kujera mai laushi.

Takardarki ta iso. Sai da na sha shayi kofi biyu kafin na gama warware zumuncin, amma baturan na tuna su, sababbi ne ma. Na yi murna da jin kin zama mutum. Sai dai murnar ba ta hana ni lissafi ba. Shekara goma sha ɗaya ba takarda, ba aike, ba ko "Kawu ya kuka kwana", sai yau da wani abu ya tashi a iska aka tuna da ni.

Direban nan bakinsa ba ya rufuwa. Ya ce min sau uku kina zuwa garin nan, kina hawa rufin asibiti da wata eriya a hannu kina juya ta gabas da yamma. Daga asibiti zuwa gidana tafiyar minti goma ce ga mai ƙafa irin taki. Ba ki ƙaraso ba. Kika koma birni, kika zauna a ofis mai sanyi, kika rubuto takarda mai zaƙi kina tambayata wa nake jin zai iya. Ni ma na yi aikin gwamnati, na san yadda ake bugun cikin mutum.

Ga amsa tunda kin nema. Akwai mai walda a bakin kasuwa, injinsa yana tartsatsi da zai iya rikita komai. Akwai janaretan gidan burodi. Akwai mai gyaran rediyo, amma shi ko fis bai iya canzawa ba sai ya kira ni. Ki fara da su.

Kuma ina da tawa tambayar. Wa ya ce muku lambar nan fanko ce? Takarda? Takardar ta taɓa hawa tsaunin nan da ruwan sama a kanta? Ranar da aka rufe tashar nan ni na kashe injin da hannuna, ba wanda ya zo daga hukuma ya ce min sannu, sai wasiƙa mai layi uku. Yanzu kun hau hasumiyar da na yi wa fenti sau tara, kun rataya mata akwatinku, ba wanda ya ce bari a gaya wa tsohon. Wa ke karanta abin da ke bi ta cikin akwatin nan? Hoton ƙirjin mutanen garinmu ina yake tsayawa kafin ya isa wajen likita? Ki amsa min waɗannan, sai mu san da wa muke magana.

Minti ashirin a cikin awa ashirin da huɗu dai ba zai kashe kowa ba. Ku yi haƙuri da shi mana.

Kawunki

Lahadi, 8 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan jikin da sauƙi, don rubutunka ya nuna hannun yana ɗan rawa. Ka ce Inna tana nan yadda take, ban gane ko lafiya ke nan ko akasinta ba. A gaishe ta.

Maganar rashin zumunci ka yi gaskiya, ba ni da bakin karewa. Hoton ƙirji kuma a kulle yake tafiya, daga ma'aikaciyar jinya sai likita, ni kaina ba na iya buɗewa.

Yanzu bari in daina kewaye-kewaye, tunda ka riga ka gano ni. Injin walda ba ya duba agogo, Kawu. Janaretan gidan burodi kuma ba ya watsa hoto. Zuwana na biyu na ari tsohuwar talabijin a ɗakin ajiyar asibiti, na murɗa ta zuwa talatin da huɗu, na zauna jira. Ƙarfe biyar na bugawa sai ga ratsin launi bakwai a tsaye, da ƙarar nan siririya da ake sakawa kafin a buɗe tasha. A kusurwar ƙasa akwai ɗan da'ira da aka zana da hannu, ya ɗan karkace. Na san da'irar nan. Tana jikin katin da ke manne a bangon ɗakin aikinka tun ina yarinya.

Zuwana na uku na auna daga rufin asibiti, na auna daga bakin gada, na auna daga filin makaranta. Na ja layi uku a taswira, duka ukun suka haɗu a kan rufinka. Abin da ya hana ni ƙarasowa ke nan. Shugaban sashenmu yana tsaye a bayana, na naɗe taswirar na ce masa awon bai fito ba. Ƙarya na yi wa mutumin da ya ɗauke ni aiki, saboda kai, kuma har yau abin yana damuna.

Na rubuto maka ne don ka faɗa min da bakinka, sai ka tura ni wajen mai walda. To ni ma bari in faɗi abin da ke raina. Ina zargin haushi ne. An rufe tasharka ba godiya, an ba wasu yara hasumiyarka, shi ne kake nuna mana cewa har yanzu iskar garin a hannunka take. In haka ne, ka sani ranar Talata an kawo wata mata numfashinta yana sarƙewa, likita yana tsakiyar duba hotonta layin ya ɗauke. Ta rayu, amma ma'aikaciyar jinya ta yi kuka a waya tana gaya min.

Shugabanmu ya riga ya rubuta wa hukuma. In ba a daina ba, ranar ashirin ga wata za su turo motar bincike. Su ba sa naɗe taswira. Suna kwashe kaya, suna kai mutum kotu. Ka gaya min dalili, ko mene ne.

'Yar Baturi

Laraba, 11 ga wata

Injiniya,

Muna lafiya. Hannuna kuma ba ruwanki da shi.

Na karanta takardarki sau uku, na ga ranar da kika sa min. Ashirin ga wata. Ashe tun takardar farko da taswirarki a aljihu kike gaishe ni da ƙarfin jiki. Kin iya aiki, ba shakka. Wanda ya koyar da ke ya koyar da ke har da yadda ake ɗaure tsoho da igiyar zumunci kafin a kira masa mota.

Kin ce kin naɗe taswira saboda ni. Wa ya gani? In kin naɗe ta, wa ya rubuta wa hukuma? Tun jiya nake kallon mutanen unguwar nan ɗaya bayan ɗaya. Matar tela tana shigowa gidan nan kullum, na tsare ta da tambaya har ta yi fushi ta ajiye min kwano a bakin ƙofa ta tafi. Direba kuma na lura tun watan jiya yake leƙen turken eriyata in ya zo wucewa. Kin sa na zargi mutanen da ban taɓa zarga ba.

Haushi kika ce. Ina da haushi, ban musa ba, amma ban taɓa ɗaukar haushina na ɗora wa mara lafiya ba. Shekara talatin ina hawa tsaunin nan don mutanen garin nan su ga hoto. Labarin matar nan ya hana ni cin abinci, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya na ce ta yafe min.

Dalili kuma ba zan rubuta shi a takardar da za ta ƙare a fayil ɗin ofishinku ba. Akwai abin da mutum ke rufewa a gidansa, ba don laifi ba ne.

Ba sai kun wahalar da motarku ba. Jibi Juma'a ita ce ta ƙarshe. Zan kashe, in kwance shi gunduwa-gunduwa, ku zo ku auna iska ku same ta fanko yadda takardarku ta ce. Ki rubuta a rahotonki cewa an gama da tsohon, wataƙila su ƙara miki girma.

Kada ki sake rubuto min.

Tsohon ma'aikacin tasha

Alhamis, 12 ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa a gurguje, direba yana jirana a bakin ƙofa. Kada ka kashe injin nan. Don Allah kada ka taɓa shi sai na zo.

Takardarka ta ƙona min rai, na kai wa Mama ina ƙorafi. Da na ambaci ratsin launi da ƙarfe biyar sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce ai duk dangi sun san wannan, har tsokanar Inna ake yi da shi. Ta ce lokacin da kake kwana uku uku a kan tsauni, ba waya, hanya kuma ga santsi ga duwatsu, Inna ba ta sa komai a bakinta da yamma sai ta ga ka kunna ratsin nan. Shi ne shaidarta cewa kana raye. Ta ce ko baƙi aka yi, sai dai su ci su bar ta.

Sai Mama ta ce rabonta da jin muryar Inna shekara huɗu, duk wanda ya je gaisuwa ka ce tana barci. Muka kalli juna.

Kawu, ban san abin da ke damun Inna ba, kuma ba zan rubuta zatona a nan ba. Amma in abin da nake tunani ne, na yi maka mummunan zato, ina neman gafara. Ranar ashirin da na faɗa ba barazana ba ce, gargaɗi ne, don kada su same ka ba shiri. Shugabanmu da kansa ya rubuta musu, sunanka bai fita daga bakina ba.

Akwai hanya. Ka ba ni kwana biyar in haɗa abin da nake bukata. Na roƙi ma'aikaciyar jinya ta riƙa kauce wa ƙarfe biyar zuwa lokacin.

'Yarka, ko ka so ko ka ƙi,
'Yar Baturi

Litinin, 16 ga wata

'Yar Baturi,

Ba lafiya ba. Ba zan yi miki ƙaryar gaisuwa ba yau.

Na ce kada ki sake rubutowa, kin kuwa ji magana. Direba ma ko ƙeyarsa ban gani ba tun Alhamis, an ce motar tana wajen makanike. Wannan takardar ma'aikaciyar jinya na ba, za ta shiga birni da babur ɗin mijinta. Ban san ko ke maƙiyiya ce ko 'yar uwa ba. Amma ba ni da wani wanda ya san lamba talatin da huɗu sai ke, don haka ki saurara.

Innarki ta manta ni. Shekara huɗu ke nan. Ya fara da mantuwar inda ta ajiye makulli, ya kai ga ranar da na shigo ɗaki ta ja mayafi ta tambaye ni wa nake nema. Tana tuna sunan malamarsu ta aji biyu, amma ni da muka yi shekara arba'in da ɗaya, ni baƙo ne mai yawan zama a gidan mutane. A wajenta mijinta yana kan tsauni yana aiki. Ban gaya wa dangi ba saboda ba na son a zo ana kallonta ana girgiza kai, macen da ta fi kowa kaifin baki a zuri'ar nan.

Da yamma sai ta zauna gaban tsohuwar talabijin ɗinmu ta ƙi abinci, ta ce bai kunna ba tukuna. Na fara da kaset, na haɗa waya ta bayan akwatin. Ta kalli hoton, ta miƙa hannu ta juya 'yar eriyar da ke kan talabijin, hoton bai motsa ba. Ta ce, "Wannan ba shi ba ne. Nasa in ka juya eriya yana yin yayyafi." Matar ma'aikacin tasha ce, ba a yi mata wayo da waya. Sai na tuna ƙaramin injin ajiya da aka zubar cikin tarkace ranar da aka rufe tasha. Na gyara shi a ɗakin aikina, na haɗa da turken eriya. Ko na rage shi iya ragewa sai ya cika kwarin nan, don ba a ƙera shi don raɗa ba. Kullum biyar saura kwata ina ɗakin aiki ina ɗumama shi, matar tela tana ɗaki da kwano. In ya kama sai ta ƙwanƙwasa min bango sau biyu, alamar Innarki ta karɓi cokali.

Ranar Juma'a na kashe na kwance shi, na rarraba a buhuna saboda motarku. Na ce wataƙila ta manta da wannan ma, tunda ta manta komai. Ba ta manta ba. Asabar ta zauna har duhu tana juya eriya. Lahadi ta ce a tura mutane tsauni, ya faɗi a hanya, tana ji a jikinta. Ta kama rigata tana cewa, "Bawan Allah, kai da kake zaune ba aikin komai, ba za ka je ka dubo min shi ba?" Ina tsaye a gabanta.

Jiya na ce ko kotu ce a kai ni, na zazzage buhunan zan mayar. Akwai kwalbar gilashi a cikinsa wadda ita ce zuciyar injin. Hannun nan da kika ce yana rawa, ya yi rawar. Ta faɗi ta tsage. Ba a ƙera irinta yanzu, ni na sani.

Yau kwana uku, ruwa kawai da shayi rabin kofi. Ma'aikaciyar jinya ta ce in aka kai Alhamis a haka sai an sa mata ƙarin ruwa, ita kuwa ba ta yarda a taɓa ta. Iskarku ta zama fanko. In kina da ilimin da ya wuce jan layi a taswira, ga ranarsa.

Kawunki

Talata, 17 ga wata

Kawu,

Sannu, sannu. Allah ya ba Inna lafiya.

Takardarka ta same ni da rana. Na tafi garejin makanike da kaina, na buɗe aljihun gaban motar asibiti, ga wasiƙar da na rubuto maka ranar Alhamis kwance a ƙarƙashin rasit ɗin taya. A ciki na ce kada ka kashe. Na haɗo maka ita da wannan don ka ga kwanan watan da idonka, na san ba za ka yarda da bakina ba. Direba ya sha faɗan da bai taɓa sha ba, har makanike ya ba ni haƙuri.

Gobe Laraba zan iso kafin azahar da motar ofis, ni kaɗai da mai tuƙi. Zan kawo wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Tana watsa hoto ta iska a kan talatin da huɗu, irin na da, amma ƙarfinta ba ya wuce bangon ɗaki, asibiti ba za su ma san tana yi ba. Da yake ba ta da ƙarfi, hoton zai zo da yayyafi, kuma sai an juya eriya zai washe. Tana da agogo a ciki, ita ke kunna kanta. Ka ciro min katin nan mai karkatacciyar da'ira in ɗauki hotonsa.

Abu ɗaya zan roƙa. Ka ba ni buhunan nan in tafi da su, in nuna wa shugabanmu cewa an samo abin an kuma cire shi, sai ya janye motar bincike. Zan ce tsohon injin tasha ne da aka bari a hannun tsohon ma'aikaci, kuma gaskiya ke nan. Maganar Inna ba ta shiga fayil.

Ba zan iya zama har ƙarfe biyar ba, an ce ruwa yana hawa gada da yamma. Ka gaya wa matar tela ta dafa abu mai laushi.

'Yar Baturi

Alhamis, 19 ga wata

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, da fatan kun haye gada lafiya. Mu nan da sauƙi sosai. Ki gaishe da mamarki, ki ce mata in gwiwar ta bari ta zo, ƙofa a buɗe take. Ta shirya dai, ba za a gane ta ba.

Zan faɗa miki gaskiya, ƙurar motarku ba ta kwanta ba na ɗauko sukundireba na buɗe akwatin nan naki. Ina neman inda kuka ɓoye kunnen da zai riƙa kai rahoto ofis. Ban ga komai ba sai wani ɗan allo kore da ko wurin sa hannu babu. Na mayar na rufe, ƙusa ɗaya ta rage a hannuna, ban san daga ina ta fito ba. Wasiƙarki ta Alhamis kuma na duba kwanan watan, na duba tabon man inji a bayanta, na tambayi direba ba tare da ya san dalili ba. Maganarku ta zo ɗaya. Na yi miki zato mara kyau, ki yafe wa tsoho.

Agogon na'urar ban yarda da shi ba. Biyar saura kwata ƙafata ta kai ni ɗakin aiki da kanta, na tsaya ina kallon teburin da ba komai a kai sai alamar inda injin ya zauna. Matar tela ta leƙo ta ce, "Malam, yau ba ka da aiki a nan. Zo ka riƙe kwanon, ni hannuna ya gaji." Na je na zauna a gefen gado da kwano a cinya da agogona a hannu, ina jiran in kama na'urarki da latti.

Ba ta yi latti ba. Ƙarar ta fara zuwa, sannan yayyafi, ratsin yana can ciki da ƙyar ake ganinsa. Innarki ta ɗago. Hannunta ba ƙarfi, amma ta miƙa ta kama eriyar, ta juya hagu hoton ya ɓace, ta dawo da ita dama a hankali har launukan suka tsaya. Ta kai yatsa kan gilashin ta taɓa da'irar nan.

'Yar Baturi, shekara huɗu ina kunna abin nan, kafin su kuma shekara talatin, ban taɓa ganin wannan lokacin ba. Kullum ina wajen makunni. Ƙwanƙwasa bango kawai na sani. Ban san tana rufe ido ta sauke numfashi ba. Ban san tana yin murmushi irin na ranar da aka kawo ta gidan nan ba. Ta yi magana da talabijin ɗin ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ka tsorata ni. Kwana nawa?" Na miƙa mata cokali, ta karɓa.

Ta ci cokali goma sha ɗaya, na ƙirga. Yau ta ci fiye da haka, har ta ce gishiri bai ji ba.

Ma'aikaciyar jinya ta aiko cewa jiya ƙarfe biyar da minti biyar likita yana kan layi, bai ɗauke ba. Ku riƙe lambarku, na bar muku har da hasumiyar. A gaya wa yaranku dai ƙafarta ta arewa tana son fenti da zarar ruwa ya ƙare.

Abu ɗaya ya rage in gaya miki. Jiya da ta kai cokali na biyar sai ta juyo ta dube ni sosai, har na ɗauka wani abu zai faru. Sai ta tura kwanon wajena ta ce, "Bawan Allah, sa hannu mana. Kullum kana zaune ba ka ci. Maigidana yana lafiya, ga shi can ya kunna. In ya sauko zan gaya masa kana da kirki."

Na sa hannu muka ci tare.

Ki riƙa rubutowa, ko ba abin da ya tashi a iska.

Kawunki